Darasi: Aikin Sa-kai Na Dattawa A Ƙasar Baƙunta

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi dattawanmu ne. Kowa ya san cewa a Afala da Barmu da Kalfu da sauran garuruwan Adar, da wuya a sami gidan da ba shi da mutum a wajen biɗa, ko a Abijan, ko a Nijeriya, ko a Libiya. Da yawa daga cikinsu sun tafi da ƙuruciya, yau furfura ta cika musu kai a can. Sun damƙa wa 'ya'ya teburin ciniki, su kuwa sai zaman inuwa daga azahar zuwa la'asar. A gefensu kuma ga ƙungiyar 'yan gari tana tangaɗi don rashin mai riƙe ta. To, shin tsufa ya ɗauke wa mutum hidimar jama'a ne?

Aikin sa-kai shi ne mutum ya ba da lokacinsa da saninsa da ƙarfinsa don amfanin jama'a ba tare da jiran lada daga wurin kowa ba sai Allah. Malamai suna kiransa taɗawwu'i. Magabata sun yi shi a gida, sun kuma yi shi a ƙasar baƙunta. A zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, an aika Mu'azu ɗan Jabal da Ubadatu ɗan Samit da Abud Darda'i zuwa Sham don su karantar da mutane Alƙur'ani. Abud Darda'i ya zauna Dimashƙa yana karantarwa har ajali ya same shi a can. Abu Ayyubal Ansari, wanda ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina, ya fita tare da runduna yana tsoho tukuf a zamanin Mu'awiya, kabarinsa kuwa yana birnin Istanbul har yau.

A zamaninmu ma akwai abin lura. Dokta Abdurrahman As-Sumait, likita ne ɗan ƙasar Kuwait, an haife shi a 1947. A 1981 ya kafa ƙungiyar agajin da ta shahara da sunan Hukumar Musulmin Afirka, wadda ta haƙa rijiyoyi, ta gina makarantu da gidajen marayu a ƙasashe da dama, har da Nijar. Ya yi kusan shekara talatin yana wannan hidima, ciwo bai hana shi ba, har ya rasu a 2013.

Wanda ya manyanta a cikinmu kuma bai manta da kurkunu ba, yadda take kwantar da magidanci a tsakiyar damina, gona ta ƙare a ciyawa. Ana ɗaukarta ne daga ruwan tabki, sai bayan kamar shekara guda tsutsar ta ɓullo a ƙafa. Ba ta da allura, ba ta da ƙwayar magani. Abin da ke kashe ta shi ne tace ruwa da ƙyalle da hana mai ciwon shiga tabki. A 1986, lokacin da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa cibiyarsa cikin wannan yaƙi, ya riga ya haura shekara 60, kuma an ƙiyasta masu cutar sun kai miliyan 3 da rabi a Afirka da Asiya. Janar Yakubu Gowon ma ya bi ƙauyukan Nijeriya a kan wannan aiki bayan ya wuce sittin. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar da Nijeriya sun rabu da kurkunu, a 2023 kuwa mutum 14 kawai aka samu da ita a duk duniya. Mu lura da kyau: dattawan nan sun buɗe ƙofofin sarakuna da gwamnatoci da girmansu, amma masu bin gida gida suna raba matata 'yan sa-kai ne na ƙauyukan kansu. Baƙo ya taimaka, ɗan gari ya ɗauki nauyi.

Abin da dattijo yake da shi wanda yaro bai da shi abu uku ne: lokaci, da sanin mutane, da kwarjinin da ke sa a saurara idan ya yi magana. Amma don aikin ya karɓu, akwai sharuɗɗa.

Na farko, gyara niyya. Wanda ya shiga ƙungiya don a kira shi shugaba, ko don a ambaci sunansa ran sallah, ya riga ya karɓi ladansa tun a nan.

Na biyu, tambaya kafin aiki. Sau da yawa 'yan'uwa na waje su tara kuɗi su aiko a gina abin da su suke so, alhali gari ƙishirwa yake ji. A ƙasa irin tamu ta dutse da fako, ruwa ne kan gaba. Sayyidina Usman da ya tashi yin alheri a Madina, rijiyar Ruma ya saya ya bar wa Musulmi. A tambayi mai gari da liman, a kuma tambayi mata, domin su ke ɗaukar tulu. Ko a aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya, mata ne suka fi yawa wajen jera duwatsu da dasa itatuwa, saboda maza suna wajen biɗa.

Na uku, amana da rubutu. Yawancin ƙungiyoyinmu ba talauci ke kashe su ba, zargi ne. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Saboda haka duk jikar da ta shigo ko ta fita a rubuta ta, a karanta a gaban jama'a, kada kuma mutum ɗaya ya haɗa ajiya da lissafi, ko da shi ne mafi tsoron Allah a cikinmu. Rubutun kariya ce ga mutuncinsa.

Na huɗu, girmama ƙasar da ake baƙunta. A yi wa ƙungiya takardun da doka ta nema, a nisanci rigimar siyasarsu, kuma alherin ya game maƙwabta, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Ziyarar majinyaci, da sulhu tsakanin masu jayayya, da saukar yaron da ya iso bai san kowa ba, da tsayawa a kan jana'izar baƙo, duk ayyuka ne da ba sa bukatar ƙarfin ƙashi.

Na biyar, renon magaji. Dattijon da ya riƙe littafi da hatimi shi kaɗai, ranar da ya kwanta dama ƙungiya ta bi shi. Ya jawo matasa biyu ko uku kusa, ya nuna musu aiki tun yana da rai.

Ba mu ce tsoho ya ɗora wa kansa abin da bai iya ba, ko ya tozarta haƙƙin iyalinsa. Jiki ma yana da haƙƙi. Amma wanda Allah Ya ba lafiya da sauran kwana, to, ya sani an ara masa lokaci ne, kuma za a tambaye shi yadda ya ɓatar da shi. Mu da ke gida kuma, duk mai uba ko yaya a waje ya isar masa da wannan saƙo, limamai su tunatar bayan salla.

Allah Ya sa ƙarshenmu ya fi farkonmu kyau, Ya jiƙan magabatanmu, Ya dawo da matafiyanmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.