Babi na Tara: Harshen Malami Wajen Koyar da Lissafi ta Intanet

9.1 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda malami ke sarrafa harshe a cikin aji. A wannan babi kuwa za a dubi yadda yake sarrafa shi idan babu aji, wato idan yana koyar da ɗaliban sakandare darasin lissafi ta hanyar intanet. An zaɓi lissafi ne saboda dalilai biyu. Na farko, ana bukatar kiredit a cikinsa a jarrabawar WAEC ko NECO kafin samun gurbin karatu a fannoni da dama na manyan makarantu, don haka iyaye kan nemi mai yi wa 'ya'yansu ƙarin darasi. Na biyu, darasi ne da kuskuren kalma guda kan sauya amsa baki ɗaya.

9.2 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bayyana abin da malami ke rasawa idan ya bar allo ya koma waya;
(b) gano jimloli masu harshen damo a bayanin lissafi;
(c) tsara bayani da Hausa wanda ba ya ɗaukar ma'ana biyu.

9.3 Koyarwa Daga Nesa

Wannan hanya ba yau ta fara ba. A shekarar 2004 wani ba'amurke mai suna Salman Khan ya fara koya wa wata 'yar'uwarsa lissafi daga nesa, daga bisani ya riƙa ɗora darussan a YouTube, abin da ya haifar da Khan Academy. A Nijeriya kuwa, rufe makarantu da aka yi a shekarar 2020 saboda annobar korona shi ya tilasta wa malamai da dama komawa rediyo da talabijin da waya.

Koyarwar iri biyu ce. Akwai ta kai tsaye, inda malami da ɗalibai ke haɗuwa a lokaci guda ta Zoom ko Google Meet. Akwai kuma ta ajiya, inda malami ke aika saƙon murya ko hoton takarda ko gajeren bidiyo ta WhatsApp, ɗalibi ya buɗe lokacin da ya samu hali. Saboda tsadar data da yankewar sadarwa da ƙarancin lantarki, ta biyun ta fi sauƙi ga ɗaliban da iyayensu ba su da ƙarfi. A nan ne kuma nauyi ya fi hawa kan harshe, domin babu hannun da zai yi nuni, babu fuskar da za a karanta.

9.4 Matsalolin Harshe

(i) Nunau

A gaban allo malami yakan ce, "A ɗauki wannan a kai can." Ɗalibi yana fahimta domin yana ganin inda alli ya nufa. Kalmomin "wannan" da "wancan" da "nan" da "can" ba su da ma'ana tsayayya sai da abin da ake nunawa. A saƙon murya fanko ne. Wajibi ne malami ya ambaci kowane abu da sunansa da muhallinsa, kamar ya ce, "ukun da ke hannun hagu a layi na biyu." Saboda haka yana da kyau a sa wa kowane layi lamba kafin a ɗauki hoton aikin.

(ii) Karin Sauti da Tsawon Wasali

Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Dubi wannan saƙo:

Tara biyar da uku.

A baki babu ruɗani, domin "tara" ta adadi gajeren wasali gare ta a gaɓar farko, ta aikatau kuwa dogo. A rubuce kuwa, wani ɗalibi zai karanta 9, 5 da 3, wani kuma ya karanta 5 + 3. Maganin abin shi ne a rubuta adadi da alƙaluma, a kuma yi amfani da "haɗa" a inda "tara" za ta kawo shakka.

(iii) Harshen Damo a Ginin Jimla

Wannan ita ce matsala mafi girma. Idan malami ya ce:

Biyu sau uku a haɗa da huɗu.

jimlar tana iya nufin (2 × 3) + 4, wato 10, tana kuma iya nufin 2 × (3 + 4), wato 14. A rubuce baka biyu ke raba gardama, amma baka ba ta fita a murya. Hausa tana da kayan aikin da ke maye gurbinta, wato kalmomin jeranta aiki irin su "a fara", "sannan" da "abin da aka samu". Sai a ce, "A fara haɗa uku da huɗu, sannan abin da aka samu a ninka shi sau biyu." Haka nan "x a haɗa da ɗaya bisa biyu" tana iya zama x + ½, ko kuma (x + 1) gaba ɗaya a raba shi gida biyu.

(iv) Saɓanin Jeri

Wani lokaci jerin kalmomi yakan saɓa wa jerin alamomi. "Ɗebe biyar daga takwas" ta fara ambaton biyar, alhali 8 − 5 ake rubutawa. Ɗalibin da ke rubuta abin da kunnensa ya ji bi da bi zai rubuta 5 − 8. Ya fi kyau a ce, "Takwas, a ɗebe biyar."

9.5 Hausa da Ingilishi

Da Ingilishi ake rubuta jarrabawar lissafi, don haka bai dace a ɓoye wa ɗalibi kalmomin da zai tarar a takarda ba. Hausa ba ta rasa nata ba, akwai kusurwa da da'ira da murabba'i da alwatika da sulusi da rubu'i. Ƙa'idar ita ce a gina fahimta da Hausa, sannan a kawo kalmar Ingilishi a rubuce, a kuma tsaya a kan kalma ɗaya daga farkon darasi zuwa ƙarshensa. Ingausar da ba ta da tsari takan bar ɗalibi bai kama ko ɗaya ba.

9.6 Auna Fahimtar Ɗalibi

Tarbiyyar Bahaushe ta sa yaro yana jin nauyin ce wa babba bai gane ba. A aji malami yakan gano haka a fuska, amma a waya "mun gane" kawai zai ji. Don haka a guji tambayar da amsarta "i" ce ko "a'a". Ga misali a kan 2x + 3 = 11:

Malami: Me za mu fara yi?
Ɗaliba: Malam, uku zai tsallaka ya zama ragi.
Malami: Amsarki za ta fita daidai. To, me ya sa ya sauya?
Ɗaliba: Haka aka koya mana, Malam.
Malami: Ɗauki alamar daidai a matsayin sikeli. In kika cire uku a hagu, me za ki yi wa dama don kada ya rinjaya?
Ɗaliba: Shi ma sai in cire masa uku, saura takwas.

Tambaya ta biyu ce ta tona cewa hadda ɗalibar ta yi. Da malamin ya tsaya a amsar farko, da ya wuce bai sani ba.

9.7 Kammalawa

An ga cewa malamin da ke koyarwa ta intanet yana rasa nuni da kallon fuska, sai harshe ya ɗauki aikinsu. Kafin ya aika kowane saƙo, ya kamata ya saurare shi ido a rufe, ya rubuta abin da ya ji. Idan abu biyu na iya fitowa, to ya sake tsara jimlar.

9.8 Jinga

1. Kawo jimloli uku na lissafi masu harshen damo, ka nuna ma'anonin kowace, sannan ka gyara su.
2. Tsara saƙon murya na minti ɗaya da zai bayyana yadda ake warware 3(x − 2) = 12 ba tare da amfani da nunau ba.
3. Tattauna dalilin da ya sa "kun gane?" ba ta isa ma'aunin fahimta ba.