Kafin ku hau kwalekwale a Bakolori, ku dubi furfurar mai tuƙi

Aikina malamin kiwon kifi ne, kuma yawancin zirga-zirgata tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun take, wurin masunta da masu ƙananan tafkuna. Duk bayan Sallah sai waya ta dame ni: Malam, yara sun zo hutu, muna so mu kai su dam su ga yadda ake su, wa zai ɗauke mu? Amsata ba ta sauyawa: ku nemi dattijo. Kuɗinsa ya ɗara na samari, kuma ba ko'ina zai yarda ya kai ku ba. To, wannan gardamar tasa ita ce kuke biya.

Bakolori ba tafkin asali ba ne. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya datse Gulbin Sakkwato, aka gama ginin a 1978, ruwa ya cika zuwa 1981, ya malale fili mai kusan hekta 8,000. Filin nan kuwa gonaki ne da fadamu da gidajen mutane. An tayar da dubban jama'ar ƙasar Maradun, rigimar diyya ta kai ga harbin manoma a watan Afrilun 1980, abin da manyan yankin ba su manta ba har gobe. Ruwa ya rufe wurin, amma bai share shi ba. Kututturan itatuwa suna nan a ƙasa, haka tudun tsofaffin gine-gine, haka kwarin da gulbi yake bi a da, inda zurfi ke faɗawa farat ɗaya. Idan rani ya yi nisa ruwa ya ja, wani kututturen bai fi taƙi ɗaya tsakaninsa da cikin jirgi ba, kuma ruwan ja ne, ido ba ya ratsa shi.

Na taɓa raka wani magidanci daga Damri da ƙaninsa da yaransu. Dattijon da na haɗa su da shi ya ƙirga kawuna, ya leƙa cikin jirginsa, ya ce, "Alhaji, jirgin ga bai ɗaukar ku duka. Sawu biyu za mu yi." Alhaji ya ce, "Haba Baba, ai yara ne, wane nauyi gare su?" Tsohon ya ce, "Yaro ba nauyi garai ba, motsi garai." Ya zaunar da yaran a ƙasan jirgi, ba a kan katakon gefe ba, ya miƙa wa babban cikinsu ƙoƙo ya ce aikinsa kwarfe ruwa.

Da muka yi nisa sai hira ta ɓarke. Yana tuƙi yana nuni da filafili: nan fadamar da suke dasa dankali take, can wata tsamiya ce da ake sheƙe ayar rana a gindinta, ga hanyar da jakuna ke bi ranar kasuwa. Yaran sun ɗauka tatsuniya ce. Ni kuwa hannunsa nake kallo, don duk inda ya ambaci itace sai ya karkatar da jirgi ya kewaye. Abin da ya gani yana yaro, kafin ruwa ya zo, da shi yake tuƙi yau. Saurayin da aka haifa bayan dam ta cika, ko ya fi shi ƙarfin damtse, sai dai ya koya a bakin irinsa ko ya koya da fashewar jirgi.

Irin wannan fita ta iyali sana'a ce babba a bakin teku. A Amurka, mai ƙaramin lasisin ɗaukar masu kamun kifi ba ya wuce fasinja 6, komai kuɗin da aka ba shi, kuma dole a samu rigar kariya ta kowa a cikin jirgin. Mu nan, a aikace, dokar tana bakin mai tuƙi ne da Sarkin Ruwa, fasinja kuma shi ke matsa lamba a karya ta don a rage masa kuɗin sawu ɗaya. Jirgin da ya kife a Gummi a Satumbar 2024 da manoma masu zuwa gona, aka yi asarar rayuka masu yawa, a cikin jiharmu ne, ba a nesa ba.

Ku fita da sassafe, ku dawo kafin azahar. Da hunturu iska kan taso da hantsi ta tayar da igiyar ruwa, da farkon damina kuwa hadari daga gabas ba ya jiran kowa. Hanyoyinmu ma, yadda tsaro ya zama, ba na yamma ba ne. Rigar kariya ta fi komai, musamman ga yara. A ɗaure ta tun a gaɓa. Idan babu, jarka marar komai mai murfi gam da igiya a hannunta ta fi babu, amma kada wani ya ce na ce daidai suke. Mai son hoto ya ɗauka a zaune. Kuma kada a bar yara su yi wanka a gefen da ciyawa ta yi yawa, nan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yake zama. Yaron da ya fara fitsarin jini bayan makonni, asibiti za a kai shi, maganinsa sananne ne.

Tsofaffin nan suna da wata hirar kuma, ta giwan ruwan da sai mutum biyu suke ɗauka, da tarwaɗar da mamari ke kamawa a dare guda. Cika baki ba ya rasa masunci, na sani, amma ni ma ina ganin abin da ake saukewa a gaɓa: karfasa 'yar mitsitsiya da ba ta kai yin ƙwai ba, wadda aka tace da gidan sauro. Idan an tallata muku ita a roba, ku wuce. Muddin ana saye, za a ci gaba da tacewa.

Idan ƙaddara ta sa jirgi ya kife, kada ku sake shi ku nufi gaɓa, ta fi yadda ido ke gani nisa. Kwalekwalen katako yawanci ba ya nutsewa gaba ɗaya ko ya cika da ruwa. Ku kama gefensa, ku tattaro yara jikinsa, a yi ta kiran masuntan da ke kusa. Ku gaya wa yaran haka tun kuna gaɓa, a gaban mai jirgi, ku kuma gama cinikin sawu biyu kafin kowa ya cire takalmi.