Ƙwarewar da Ake Nema Wurin Mai Rubuta Manhajar Kwamfuta

Gabatarwa

Ɗalibai da dama kan zaci cewa wanda ya haddace harsunan kwamfuta masu yawa shi ne zai riga kowa samun aiki. Sai dai harshe kayan aiki ne kawai, kuma sababbi ba sa daina fitowa. An fito da FORTRAN a 1957, C a 1972, Python a 1991, sannan Java da JavaScript a 1995. Saboda haka kamfanoni kan gamsu da wanda ya laƙanci harshe ɗaya ko biyu, muddin ya haɗa da abubuwa huɗu masu zuwa.

Warware Matsala

A wurin ganawar ɗaukar aiki akan ba mutum matsala, a ga yadda zai ɓullo mata. Alal misali, a ce ya nemo suna ɗaya cikin sunaye miliyan guda da aka jera bisa tsarin abajada. Mai bin su ɗaya bayan ɗaya yana iya yin dubawa miliyan. Wanda kuwa ya duba tsakiya, ya watsar da rabin da sunan ba ya ciki, ya yi ta maimaita haka, ba zai wuce dubawa 20 ba. Wannan na biyun ake nema.

Sarrafa Bayanai

Bankuna da asibitoci da makarantu kan adana bayanansu a rumbun bayanai na kwamfuta. Harshen SQL, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin IBM cikin shekarun 1970, shi ne aka fi amfani da shi wajen zaƙulo su.

Karatu da Gwaji

Sabon ma'aikaci yakan tarar da manhajar da wasu suka rubuta, dole ya fahimce ta kuma ya gwada ta kafin ya dogara da ita. Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta. An ɗauko wani sashe na manhajarta daga Ariane 4, sai wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata. Haka nan abin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke rubutawa a yau, sai an tantance shi.

Aiki da Jama'a

Babbar manhaja aikin mutane da yawa ce. Ana son mai neman aiki ya iya Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 don adana tarihin kowane gyara da haɗa aikin mutane. Ana kuma son ya iya yin bayani a fili, ya karɓi gyara.

Kammalawa

Rashin kwamfuta a makaranta bai hana fara shiri ba. Malami na iya sa ɗalibai su rubuta matakan warware matsalar lissafi a takarda, su yi musayar takardun, kowa ya nemo kuskuren ɗan'uwansa. Da haka sun soma koyon uku daga cikin abubuwan nan huɗu.