Shiru Ba Iri Ɗaya Ba Ne: Kalmomin Turanci Na Yin Shiru Da Natsuwa

Darasinmu na wannan fitowa na masu shirin fita SIWES ne musamman, ko da yake kowa zai samu abin tsinta. A aji, in ka yi kuskuren Turanci, maki biyu ko uku za ka rasa a GNS 101. A wurin aiki kuwa, kalma ɗaya tana iya haɗa ka da mutumin da zai sa hannu a littafinka.

A Hausa kowa ya san bambancin "yi shiru", "yi kurum" da "rufe mana baki". Ba mai hankalin da zai gaya wa kawunsa ta ukun. Amma da mun koma Turanci sai mu tattara su duka mu zuba cikin "shut up", don ita muka fi ji tun firamare a bakin monita, sai kuma a finafinai. To, "shut up" ita ce "rufe mana baki", da tsawarta da raininta. Ƙara mata "please" ba ya wanke ta. Wani abokina da muke majalisa ɗaya a nan Gwadangaji ya ba ni labarin wani yaro da suka yi aikin koyo tare a wani ofis. Wata dattijuwa ta gaji da layi tana ta ƙorafi, yaron nan da zuciya ɗaya ya ce mata, "Madam, shut up please, I will attend to you." Nufinsa ta yi haƙuri. Ashe tsohuwar malamar makaranta ce, ta fi shi jin Turancin. Sai da shugaban sashen ya fito da kansa kafin ta huce.

Mi ya kamata ya ce? "Please bear with me, madam", ko "Could you give me a moment?" Ku lura, babu kalmar shiru a cikinsu ko ɗaya. Bature ma ba ya umartar babba da yin shiru, lokaci yake roƙo. Ga tsaranka ko taron aji, "please be quiet" ta wadatar. In ana hira kusa da kai a laburare, "could you keep it down?" ta fi laushi, wato a rage murya. "Hush" ta jarirai ce da ƙananan yara. "Keep shut" ɗin da muke ji a titi kuwa, kada ta shiga takardar jarrabawa.

Ita kanta "keep quiet" tana da fuska biyu. "He kept quiet" yana nufin bai yi magana ba. "He kept quiet about the money" kuma ya ɓoye zancen kuɗin ke nan, ya ja bakinsa. Kalmar "about" kaɗai ta mayar da mai kawaici abin zargi. Sannan "quiet" da "silent" ba ɗaya ba ne. Ta farko ƙarancin hayaniya ce, kamar unguwa bayan Isha'i. Ta biyu tsit ce, ko tari babu. Wanda ya taɓa zuwa Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya san wannan ɗan lokaci da masunta ke jere da gora da homa suna jiran a harba bindiga. In kana son ka ce taron ya yi tsit, sai ka rubuta "the crowd fell silent". Da "fall" ake haɗa ta, kamar yadda ake cewa "fall asleep".

Yanzu ga wadda na fi so, "calm". Da farko harafin l ɗinta shi ma shiru ya yi, "kaam" ake faɗi. Asalinta kuma abin mamaki ne. Ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci da Italiyanci, tushenta kuwa kalmar Girkanci "kauma", wato zafin tsakar rana. Wai ina haɗin zafi da natsuwa? Mu mutanen Birnin Kabi ba sai an yi mana bayani ba. Ka leƙa titi da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40: 'yan kabu-kabu sun fake ƙarƙashin dogonyaro, awaki sun lafe jikin katanga, iska ko motsi. Wannan tsayawar komai ita aka fara kira "calm".

"Calm down" ita ce "kwantar da hankalinka", amma a yi hattara. Ga wanda ya firgita ko ya ruɗe, tana aiki. Ga wanda ya fusata don an cuce shi, sau da yawa zuga wutar take yi, don yana jin kamar ka ce fushinsa ba ya da dalili. A nan "I understand, let me see what I can do" ta fi ta nesa ba kusa ba. Wajen nahawu kuma, wakilin suna tsakiya yake shiga: "calm him down". Duk wanda ya rubuta "calm down him", malami zai zagaye masa da jan biro.

"Cool down" ba ta da wuya, don daidai take da "huce" tamu: tuwo ya huce, injin janareta ya huce, maigida ya huce. "Settle down" ita ce aji ya natsu bayan malami ya shigo, ko da yake in goggonka mai Turanci ta ce "when will you settle down?" zancen aure take yi.

Akwai kuma waɗanda ba a gaya wa mutum. "Die down" ita ce "lafa": hayaniya, iska, rikici, jita-jita. "The noise died down" daidai ne, amma ba ka iya "die down" ɗin wani abu da hannunka, shi ke lafawa don kansa. "Subside" 'yar'uwarta ce ta rubutu da rahoto, an fi jin ta ga ruwa, kumburi da zazzaɓi. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a fadamun Kabi, in za ka rubuta janyewarta, "the flood subsided" za ka ce.

Ga aikin gida, a miƙa amsa ofishin ƙungiya kafin fitowa ta gaba. A juya waɗannan zuwa Turanci, kowacce da kalmarta: Da Sarki ya miƙe, fada ta yi tsit. Bari shayin ya huce. Guguwar ta lafa kafin Magariba. Ta ja bakinta a kan abin da ta gani. Kuma a duba rubutun da kyau, duk wanda ya sa "quite" a gurbin "quiet" ba za mu buga sunansa ba.