Yadda Ake Horar Da Mai Karɓar Kiran Gaggawa

Idan ka buga 112 a Najeriya, kiran na sauka ne a ɗaya daga cikin cibiyoyin sadarwar gaggawa da hukumar sadarwa ta NCC ta kafa a jihohi. Aikin wanda ya ɗaga wayar shi ne ya gane abin da ya faru, ya miƙa wa 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, jami'an kiyaye haɗurra ko motar asibiti.

Abin da ake fara koya masa shi ne ya tambayi wuri kafin ya tambayi matsala. Waya na iya katsewa kowane lokaci, in kuwa an san wurin, ana iya tura agaji ko ba a ji ƙarshen bayani ba. A garuruwanmu abin da wuya, don gidaje da yawa ba su da lamba, sai kwatance. Wanda ya ce "Tudun Wada" bai faɗi komai ba tukuna: ta Kaduna ko ta Zariya? Shi ya sa ake zaunar da sabon ma'aikaci gaban taswira har ya san unguwanni, gidajen mai, masallatan Juma'a da shataletale.

Daga nan sai tambayoyi a jere kan wanda abin ya shafa: Yana cikin hayyacinsa? Yana numfashi? Wani likita a Amurka, Jeff Clawson, shi ya tsara irin wannan jerin a ƙarshen shekarun 1970. In zuciya ta tsaya, ma'aikacin ne zai riƙa ƙirga wa mai kiran dannar ƙirji, 100 zuwa 120 a minti, kafin mota ta iso.

Sai oba-oba, rediyon da ake magana da motocin agaji, inda a ganina aka fi sakaci. Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. Za ka danna maɓalli, ka ɗan dakata, sannan ka buɗe baki, in ba haka ba kalmar farko ta ɓace, kuma sau da yawa ita ce sunan wanda ake kira. Saƙo ya zama gajere. Wanda aka faɗa wa ya maimaita, musamman lambobi, don "sha biyu" da "sha biyar" ba su da nisa a cikin ƙugin rediyo.

A kowane canjin aiki akan gwada kayan: a kira kowace mota a ji amsarta, a duba eriya, a duba batir. Tsohon batir kan nuna ya cika, amma da an danna a yi magana sai ya mutu, domin aika murya ya fi saurare cin wuta. Na'urar da ke kan dogon ƙarfe mai ƙara wa saƙo zango ita ma tana buƙatar janareto ko sola, saboda ɗaukewar wuta. Ana kuma rubuta wuraren da rediyo ba ya kamawa, kamar ƙasan bene da bayan duwatsu. Ranar 11 ga Satumba, 2001, a New York, 'yan kwana-kwana da dama ba su ji umarnin fita daga dogon benen da aka kai wa hari ba, rediyonsu kuma ba ya haɗuwa da na 'yan sanda. 'Yan kwana-kwana 343 ne suka rasu.

Kafin a sakar wa sabon ma'aikaci kujera, sai an kashe kwamfuta da gangan ya yi aiki da biro da takarda, kamar yadda ya zama dole ga ma'aikatan motocin asibiti na Landan a 1992, lokacin da sabuwar manhajarsu ta ruɗe. Bayan haka sai ya yi makonni yana karɓar kira na gaske, tsohon hannu na gefensa yana saurare.