Darasin Lafiya: Mu Koyi Karanta Takardar Haihuwa

Darasinmu na yau a kan takardun da ake ba mace ne a gidan likita.

Idan mace ta je awon ciki, ana ba ta karne. Idan aka yi mata aiki aka fidda jariri, ana rubuta mata wata takarda ranar sallama. Duka da faransanci ake rubuta su, sau da yawa ma baƙaƙe biyu ko uku ne kawai. Shi ya sa wasu suke jefa su cikin akwati, gara ta cinye. Wannan asara ce babba.

Ku ɗauko karne ku buɗe. CPN yana nufin awon ciki. Harafin G yawan cikin da mace ta taɓa ɗauka ne, har da wanda take ɗauke da shi. Harafin P yawan haihuwarta ne. Misali, mai ciki da aka rubuta ma G5 P4, wannan cikinta na 5 ne, ta haihu sau 4. TA awon bugun jini ne. Idan ya kai 14/9 ko ya wuce, jini ya hau. In ga ciwon kai da kumburin fuska, a tafi likita ranar nan, kada a jira jijjiga. BCF bugun zuciyar jariri ne, wajen 120 zuwa 160 a minti ɗaya.

A ɗakin haihuwa ungozomar likita tana auna buɗewar bakin mahaifa. Sai ya kai santimita 10 jariri yake fita. Idan awoyi suka wuce bai ƙaru ba, sai ta rubuta takardar turawa. Daga ƙananan gidajen likita, kamar na Bande ko Waca, ana tura mace babbar likitar Magarya. Wani lokaci sai an dangana da Damagaram, tafiyar wajen kilomita 90.

To, ga inda muke so ku natsu. Césarienne ita ce aikin fidda jariri ta ciki. Tun 2005 gwamnatin Nijar ta yanke cewa a riƙa yin wannan aiki kyauta. A takardar akwai wurin da aka rubuta indication, wato dalilin aikin. Shi ne ya fi kome amfani. Idan an sa siège, jariri ya zo da ɗuwawu. Idan transverse ne, ya gitta. Idan placenta praevia ne, mabiyiya ta tare hanya. Waɗannan na ciki ɗaya ne, ba dole su sake faruwa ba. Amma idan an rubuta bassin rétréci, ƙugun mace ne ya yi ƙanƙanta, kuma ƙugun babbar mace ba ya sakewa. Ita kowace haihuwa aiki za a yi mata.

Akwai kalmomi biyu da ya kamata maigida ya gane su: utérus cicatriciel. Ma'anarsu mahaifa mai tabo. Ɗinkin da ake gani a fata ya warke cikin makonni, amma akwai wani a ciki. Idan naƙuda ta yi tsawo a gida, wannan tabo yana iya yagewa, jini ya zuba ciki, a rasa uwa da ɗa. Don haka likitoci suke cewa a huta shekara 2 kafin wani ciki. Haihuwa ta gaba kuma a yi ta inda akwai ɗakin aiki. Mai zaune a Malawa ko Dogo-Dogo ta matso kusa tun cikin wata na tara, balle da damina, lokacin da hanya take ɓaci.

Wasu suna cewa wadda aka yi ma aiki raguwa ce. Ba haka ba ne. Jaruntaka ba ta buɗe ƙashi.

Ranar sallama, ku roƙi ungozoma ta karanta maku dalilin aikin, ku rubuta shi da hausa a bayan takardar, tare da rana da shekara. Ku sa ta cikin leda. Ku riƙa zuwa da ita kowane awo, ko da an canza gari.