Me Ya Sa Tayar Motarmu Ta Fice?

Darasinmu na wannan mako a kan abubuwa masu juyawa ne, kuma daga wata gardama ya taso.

Yayan ɗaya daga cikinmu yana da wasan haɗa mota a wayarsa. Kai za ka sa taya, ka sa inji, ka sa farfela. Amma in ka ƙara wa farfelar gudu, akwai inda take kaiwa ta ƙi ƙaruwa. Wasunmu suka ce rowa ce kawai ta masu wasan. Sai muka ce bari mu gwada da hannunmu. Muka haɗa motar kara, muka yanko tayoyi daga tsohon silifa, muka ɗaura mata ƙaramin inji da muka ciro daga mataccen rediyo mai kaset. Da batir biyu ta yi tafiya lafiya lau. Da muka jera batir shida sai ta kama rawa da ƙara, tayar baya ta fice ta daki bango. Ba don Allah ya kiyaye ba, da idon wani ta samu.

Malaminmu na fasaha ya ce mu tuna majaujawar da muke korar tsuntsaye da ita a gonar gero. Kana ƙara wulwula ta, igiyar tana ƙara jan hannunka, domin dutsen so yake ya tafi miƙe, igiyar ce take riƙe shi. Haka kowane ɓangare na taya yake. Abin da ya ba mu mamaki shi ne lissafin: in ka ninka gudun sau 2, jan ba sau 2 yake ninkuwa ba, sau 4 ne. In ka ninka sau 3, ya zama sau 9. Shi ya sa abu zai yi ta juyi ba matsala, ka ɗan ƙara masa, ya tarwatse.

Ana ƙirga juyi ne a minti ɗaya, kuma shi ne ma'anar haruffan RPM da ake gani a jikin injina.

Mun je wajen wani mai walda a nan Toranke muka roƙe shi ya nuna mana faifan da yake yanka ƙarfe da shi. Ƙaramin, mai faɗin milimita 115, an rubuta masa 13,300. Babban, mai milimita 230, an rubuta masa 6,600. Da farko mun ɗauka babban ne ya kamata ya fi juriya. Sai muka buga lissafi. Kewayen ƙaramin kusan santimita 36 ne, sau 13,300 ya ba da kusan mita 4,800 a minti. Kewayen babban santimita 72 ne, sau 6,600 shi ma ya ba da kusan haka. Ashe bakin faifan ake dubawa, kuma duka biyun iyakarsu ɗaya ce: mita 80 a daƙiƙa, wato kilomita 288 a awa. Ba motar da ke bin hanyar Gaya zuwa Kano da wannan gudun!

To ga inda hatsarin yake. Ƙaramin injin yakan yi juyi kusan 11,000. Idan mutum ya cire murfin kariya ya ɗaura masa babban faifai don wai aiki ya yi sauri, ya wuce 6,600 nesa ba kusa ba, kuma jan da faifan yake sha ya kusa ninka iyakarsa sau uku. In ya fashe, gutsattsarinsa fuska da wuya suke nufa. Da yawa daga cikinmu muna zuwa koyon sana'a bayan an tashi daga makaranta, kuma yaron shago ne yake tsugunawa kusa yana riƙe ƙarfen. Mu a ganinmu, duba lambar nan kafin a kunna ba rashin kunya ba ne ga maigida. Ka ce, "Oga, wannan 6,600 aka rubuta masa," shi ke nan.

Janareto kuma yana da mai tsaronsa a ciki, wanda makanikai ke kira gwamna. Wutar Najeriya tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, don haka ƙaramin janareto dole ya tsaya a juyi 3,000 a minti, wato 50 sau 60. In gudu ya yi yawa gwamna ya rage mai, in an ɗora kaya gudu ya ragu ya ƙara. Dabarar tsohuwa ce. A 1788 Jemis Wat, mutumin Sikotilan, ya sa wa injinsa na tururi ƙwallaye biyu na ƙarfe masu juyawa. In injin ya yi sauri sai su buɗe kamar majaujawa, su ja sandar da ke rage tururi. Sunansa ne ma ake rubutawa a jikin ƙwan fitila, wat 60 ko wat 100. Masu matse gwamna don wuta ta ƙara haske, su ne ƙwayayensu da cajar wayarsu ke yawan ƙonewa.

Game da motarmu, malam ya gano wani abu kuma. Ba mu huda tayar a tsakiya daidai ba, gefe ɗaya ya fi nauyi, shi ne rawar da ta yi kafin ta fice. Mun sake yanka wata da kamfas ɗin lissafi, kuma mun koma batir biyu.

Tambayar mako: kewayen tayar keke mita 2 ne, mai keken yana tafiyar kilomita 18 a awa. Juyi nawa tayar take yi a minti ɗaya? A rubuta amsa da suna da aji, a ba sakataren kulob kafin ranar Alhamis.